Bindigar da Na Zaɓa wa Kafilina

A shekarata ta huɗu ina tuƙa motar mutumin nan a Riyad bakina ya jawo mini. Ni mutumin ƙasar Bauchi ne, direban gida, kuma iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, a hannunsa take. Shi ne kafilina: in ya ce in zauna na zauna, in ya ce in koma gida sai filin jirgi. Ban taɓa jin nauyin wannan ba sai a shekarar, domin mutum ne mai sauƙin kai muddin ba a taɓa masa girma ba. Siriri ne, ya ba sittin baya, tafin hannunsa da laushi. Yana da shaho biyu da yake kaiwa sahara lokacin sanyi su kamo masa tuje, iyakar farautarsa ke nan.

Wata rana mun maƙale a cunkoso wajen unguwar Dira, ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce maharbi ne. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma da na ga ya ajiye waya ya karkato da kunne, abin da bai taɓa yi mini ba, sai na saki baki. Na ba shi labarin ɓauna, yadda take sunkuyar da kai in za ta taho, yadda ƙahonta ke haɗewa a goshi har harsashi ya zame. Na faɗa masa cewa da rani Baba kan tsallaka Kamaru ya yi wa baƙi masu kuɗi aikin bin sawu. Duk gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni ban gaji komai a wurinsa ba sai labarin. Dabba mafi girma da na taɓa kashewa gada ce, ita ma tarko ne ya riƙe mini ita.

Akwai kuma wanda na ɓoye da gangan. Wani baƙo ya taɓa harbin ɓauna a ciki maimakon a kafaɗa, ta shige ciyawa da raunin. Ɓaunar da aka ji wa rauni ba ta gudu da nisa, zagayowa take yi ta laɓe a gefen sawunta ta jira. Wanda ya yi harbin ba shi ke shiga gaba ba. Mai bin sawu ne a gaba, idonsa a ƙasa yana neman ɗigon jini, ba komai a hannunsa sai sanda. A ranar nan Baba ne a gaba. Ta zura masa ƙaho a cinya ta jefa shi kan ƙaya, kuma har ya koma ga Allah ƙafar nan janta yake yi.

Daga ranar cunkoson nan sunana ya ɓace a gidan, na koma “ya sayyad”, wato maharbi. Na ji daɗin sunan, ba zan ɓoye ba. In baƙi sun zo majalisarsa bayan la'asar sai ya sa a kira ni in tsaya bakin ƙofa in maimaita labarin ƙaho, ana zuba gahawa ana jinjina kai. Cikin baƙin akwai wani ɗan uwansa mai ƙaton ciki da ya taɓa zuwa Afirka ya dawo da kan ɓauna ya rataye a bango, kuma ba ya barin kowa ya manta. Ba a yi wata uku ba maigidana ya ce shi ma zai je.

Akwai baje kolin kayan farauta da ake yi a arewacin birnin, inda ɗan ƙasa ke iya sayen bindiga a yi masa lasisi. Can na kai su, shi da ɗan uwan nan da wani abokinsu. Mai sayarwar dattijo ne mai furfura a gemu, ka gan shi ka ga wanda ya san sana'arsa. Ya jera bindiga uku a kan tebur, ya buɗe kowace ya nuna babu komai a ciki, ya ajiye harsashin kowace a gefenta. Ya ce lambar da ake kiran bindiga da ita faɗin harsashinta take nufi. Ta farko uku-bakwai-biyar, ita ce mafi ƙanƙanta da masu kai baƙi daji suke yarda a tunkari ɓauna da ita. Ta biyu ta ɗan ɗara ta. Ta uku mai baki biyu ce, ɗari biyar, harsashinta ya kusa kai ɗan yatsana kauri.

“Ɗal umrak,” in ji shi, kamar dai mu ce Allah ya ja zamaninka, “ta farkon nan ta ishe ka. Ta kashe ɓauna, ta kashe giwa. Ba a zaɓen wadda ta fi girma, ana zaɓen wadda mutum zai iya sa harsashinta inda yake so. Babbar nan tana dukan kafaɗa ba kaɗan ba.”

Ɗan uwan ya yi dariya ya ce, “Ka ji, ya ce ka ɗauki ta yara.”

Na ga kunnen maigidana ya yi ja. Ya waiwayo inda nake tsaye riƙe da jakarsa.

“Ya sayyad, zo nan. Kai ne ɗan daji. Wacce ubanka zai ɗauka?”

Baba yana da wata al'ada. Kafin ya yarda ya shiga dajin ɓauna da kowa, sai ya karɓi bindigar mutum ya zura yatsa a bakinta. Tasa ƙirar gida ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, tana haɗiye manuniyarsa har gaɓa ta farko. In yatsa bai shiga ba sai ya girgiza kai ya ce ta zomo ce. Na taso ina ganin wannan, kuma shi kaɗai ne ilimin bindiga da nake da shi. Sai na ajiye jaka, na miƙa ɗan ƙaramin yatsana a bakin ta farko. Ko kansa bai shiga ba. Ta biyu ma haka. Ta ukun ce ta ɗan kama tsinin yatsan. Na ɗago kai na ce, “Wannan, ɗal umrak. Sauran na zomo ne.”

Wurin ya kaure da dariya da tafi. Ɗan uwan ya ce a sake yi ya ɗauka a waya. Mai sayarwar bai yi dariya ba. Ya dube ni irin duban da likita ke yi wa mai tallan maganin gargajiya a bakin asibiti, ya fara ciko takardu. Ni kuwa a hanyar komawa har da ɗan waƙe-waƙe a zuci, wai na fitar da maigida kunya.

Bayan makonni bindigar ta iso cikin akwatin fata. Ranar Juma'a da sassafe muka tafi gonarsa ta bayan gari. Na jingina kwali a jikin tudun yashi, na zana da'ira mai faɗin faranti, na ƙirga taki hamsin. Ya toshe kunne, ya ɗora ta a kafaɗa, ya ja kunama.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ya yi baya taki biyu, baƙar igiyar da ke riƙe masa mayafin kai ta faɗi ƙasa, tabaraunsa ya karkace. Na ruga wajen kwali. Babu ko ƙwarzane. Harsashin ya tono yashi can ƙasa ta hagu, kusan kamu uku daga da'irar.

“Tana da ƙarfi,” ya ce yana murza kafaɗa, yana murmushin dole.

“Sai a hankali, ɗal umrak. Za ka saba.”

Bai saba ba. Juma'a ta biyu ya harba shida, ɗaya ya taɓa gefen kwalin. Juma'a ta uku ya sa tawul a cikin riga, kuma da zai shiga mota na ga da hannun hagu ya buɗe ƙofa. A ta huɗun ne na ga abin da ya hana ni sukuni. Ina tsaye a gefensa, ya manta bai zare makullin da ke hana bindigar tashi ba. Ya ja kunama, ba ta tashi ba. Amma shi ya tashi: idanunsa biyu suka rufe gam, kafaɗarsa ta zabura, bakin bindigar ya nutse ƙasa. Ba ƙara, ba hayaƙi, tsoro ne kawai ya yi wannan aikin. Da ya buɗe ido sai ya sauke su a kaina. Na yi maza na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

A nan na gane abin da na aikata. Bindigar Baba guntun ƙarfe take turawa da albarushi mai rauni, dole ta nemi baki mai faɗi. Waɗannan na zamani wani abu ne daban, kuma dattijon can ya faɗa ƙarara. Sannan na tuna cewa Baba ba bakin bindiga kaɗai yake dubawa ba, yakan sa mutum ya harba a gabansa ya ga yadda yake tsayuwa. Na kwaso rabin al'adar na bar rabin da ya fi amfani. Mutumin da ke rufe ido ba zai sami kafaɗar ɓauna ba. Zai same ta a ciki ko a cinya, ta shige ciyawa. Kuma a can, a wani dajin da ban sani ba, akwai wani mutum mai 'ya'ya da zai shiga gaba da sanda.

Na yi ƙoƙarin faɗa, amma irin faɗar mutanenmu, wadda ake zagaye-zagaye a bar babba ya tsinci maganar da kansa. Na ce, “Ɗal umrak, bindigar nan fa sai an shirya mata.” Ya ce ai shi ya sa ya zaɓe ta. Wata rana na ce, “Da a sayi ƙaramar ma a tafi da ita, don ko-ta-kwana.” Ya ce takardar fita ta bindiga ɗaya aka yi, kuma ai ni na ce ƙaramar ta zomo ce. Na ce ɓauna mai rauni mugun abu ce. Ya ce “mafi mushkila”, wato ba matsala a Larabcinsu, akwai Baturen da zai tsaya kusa da shi da tasa bindigar. A garinmu da tuni dattijo ya gane inda na dosa. Shi duk yabo yake ji, ko kuma ya ga dama ya ji yabo, har yau ban tabbatar ba.

Saura kwana biyar tafiya na je unguwar Batha wajen wani dattijo mutumin Damagaram da ke ɗinki a wani ɗan lungu bayan masu aika kuɗi. Ya fi shekara ashirin a ƙasar, kuma duk wanda abu ya ɗaure wa kai a cikinmu wurinsa yake zuwa. Na zayyana masa komai. Bai ɗaga ƙafa daga keken ba.

“Iƙamarka saura nawa?”

“Wata biyu, Baba.”

“Iyali fa?”

“Mace da yara uku. Da tsohuwata.”

“To ɗana, tuƙi aka ɗauko ka yi. Balarabe zai yafe maka ka fasa masa mota, ba zai yafe maka ka ce ya ji tsoro ba. Wanda kake jin tausayin nan, ka san shi? Ka san sunansa?”

“Ban sani ba.”

“Wataƙila ma ba abin da zai faru. Ka yi addu'a ka ja bakinka.”

Na ji haushinsa, kuma haushin ya fi yawa don na san ba ƙarya ya yi ba. Na fito ina zagin kaina a zuci, ina zagin ɗan uwan nan mai ƙaton ciki, ina zagin ɗan yatsana. Abincin da na saya a hanya ban iya ci ba, na ba wani mai shara.

Ranar tafiya jirgin na hantsi ne. Na ɗora akwatin fatar a bayan mota da hannuna. Ya zauna a baya yana waya, yana gaya wa wani cewa ya sa a auna bangon majalisa. Muka kama titin Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, titi miƙaƙƙe, ba cunkoson da zai ƙara mini lokaci. Na ce a raina in mun wuce gadar can zan faɗa. Muka wuce. Na ce in mun kai allo na gaba. Muka wuce shi ma. Da na hango hasumiyar filin jirgin sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

“Ɗal umrak, ina da magana.”

“Faɗi.”

“Na yi maka ƙarya. Ni ba maharbi ba ne, ban taɓa harbin ɓauna ba. Abin da na yi da yatsa jahilci ne. Mai sayarwar ne ke da gaskiya.”

Ya yi 'yar dariya. “Yanzu kuma? Magana ta ƙare, an riga an saya.”

Da na so, da na tsaya nan, na ɗora laifin a kaina kaɗai, kowa ya tsira da mutuncinsa. Amma wannan ba zai hana shi jan kunama ba.

“Ba shi ke nan ba. Kana rufe ido kafin ka harba. Na gani. Bindigar ta fi ƙarfinka, kuma tsoronta kake ji. In ka harbi ɓauna haka rauni za ka yi mata, kuma ba kai za ta kashe ba, wanda ke bin sawu a gabanka za ta kashe. Haka aka yi wa mahaifina, shi Allah ya sa da sauran kwana.”

Na saci kallon madubi, na ga fuskarsa a ɗaure, yana kallon waje. Ina jiran tsawa, ina jiran ya ce in tsaya in sauka a gefen titi. Ba ko ɗaya da ya faru. Muka isa, na fito da kaya, na ɗora a kan keken turawa. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya karɓi keken ya wuce, ko amin bai ce ba.

Kwana goma sha biyu ya yi. A kwanakin nan duk saƙon da ya shigo wayata sai in yi zaton sanarwar korata daga ƙasar ce. Ina kai matarsa kasuwa, ina wanke motar da ba ta yi datti ba. Matata ta kira ta ce muryata ta canza, na ce mura ce. Abu biyu nake tsoro, kora da abin da zai sami mai bin sawu, kuma kunya ta kama ni da na lura cewa wani lokacin tsoron korar ya fi ɗayan ƙarfi.

Ya dawo da azahar. Ya yi baƙi, ya rame kaɗan. Akwatin fatar na nan, ba wani kaya da ya ƙaru. Na gaishe shi ya amsa da ka. Sai da muka yi nisa, gine-ginen birni suka fara bayyana, sannan ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Mun same ta a kwana na shida. Taki arba'in. Tsohuwar ɓauna ce, ƙahonta kamar wannan kujerar.”

Na ɗago ido na dube shi ta madubi.

“Wanda ya kai mu gare ta wani ɗan siririn mutum ne, da takalmin roba. Ya durƙusa a gabana ya nuna mini da sanda. Na ɗaga bindiga. Baturen yana cewa harba, harba.” Ya shafa kafaɗarsa. “Sai na ji idona yana rufewa.”

“Sai me, ɗal umrak?”

“Sai na sauke. Ta dube mu ta juya ta tafi.”

Alhamdu lillahi ta kuɓuce mini a fili kafin in kama ta. Idona ya kawo ruwa, na rage gudu don titin ya fara yi mini hazo-hazo.

“Zan gaya musu ban ga wadda ta cancanci harsashi ba,” ya ce. “Haka za ka ce kai ma in an tambaye ka.”

“Haka zan ce.”

“Na san ba za ka faɗa ba. Kai mutumin kirki ne, wallahi na sani.” Ya gyara zama. “Amma ba zan iya zama a bayanka kullum kana kallona ta madubin nan ba. Ba zan kore ka gida ba. Ka nemi wani kafilin kafin ƙarshen wata, zan sa hannu.”

Na buɗe baki in roƙe shi, in ce shekara huɗu, in ce yara, in ce zan cire madubin ma in ya so. Na duba na ga ya jingina kai yana kallon rufin mota, kuma na gane shi ma maganar ba daɗi ta yi masa ba, kuma ba zai janye ta ba.

Na ce, “To, ɗal umrak. Na gode.”

Na kunna sigina na koma hannun dama, domin mahaɗar da ke kaiwa gidansa ta matso.